Duron da ya tafi da jiragen Kawu

Matso kusa, don Allah, ka ba ni kunnenka. Maganar da zan yi ba ta ɗaga murya ba ce. Ni da kowa ya sani da surutu, yau wata biyar ke nan ina taunarta, ta ƙi haɗiyuwa kuma ta ƙi fita. Kawun maigidana ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa. Na ce bari in rubuta shi yadda na san shi, kafin mutane su gama mayar da shi “tsohon nan mai jiragen wasa”. Sai dai ba yadda zan rubuta shi ban rubuta kaina ba, don na yi masa laifi, na rufe laifin da ƙarya, har aka ɗauke shi aka kai ban buɗe baki na gaya masa ba.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta, gidanmu na unguwar Parkchester, nan New York, ya cika har bakin lif. Takalma sun yi tsibi a ƙofa, maƙwabta masu wucewa sai sun ɗaga ƙafa. Mata suna ɗakina da kicin, maza suna falo da ɗakin Kawu. Direbobin tasi, abokan aikin maigidana, suna shigowa bibbiyu, a yi addu'a a shafa, kowa rabin hankalinsa na kan inda ya bar mota. Mutanen Zariya sun zo, na Kano sun zo, na Kumasi da na Maraɗi duk sun zo.

Ina shiga da tiren shayi na ji wani dattijo ɗan Nijar, mai shago a Harlem, yana duban kantocin da ke jikin bango, wayam ba komai a kansu.

“Ina jirragen nan masu tutammu?” in ji shi. “Kullum na taho sai mun yi gardama da shi bisa su.”

Wani direba ya ce, “Alhaji, har yau? Shekara nawa yana gaya maka ba na Nijar ba ne, na Ayalan ne?”

“To mi ya kai kore da hwari da ruwan lemo jikinsu? Sata suka yi muna.”

Aka yi 'yar dariyar nan ta gidan makoki, wadda ake yi ana goge ido. Ni kuwa na yi maza na dire tiren na fita. A kicin ma ban tsira ba. Matar liman ta riƙe hannuna ta ce, “Ke kam kin kwashi lada. Ko 'yar cikinsa iyakar abin da za ta yi masa ke nan.” Wata ta ce, “Wanka, wanki, ba shi abinci a baki, ba ta taɓa ɓata fuska ba.” Duk wadda ta yaba mini, sai in ji kamar ta ɗiga mini tafasasshen mai a baya. Suna ganin hawayena suna cewa, “Allah sarki, sun shaƙu.” Mun shaƙu ɗin, gaskiya ne. Amma ba kukan ke nan ba.

Kawu yayan surukata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya kawo maigidana ƙasar nan, shi ya tsaya har aka kawo ni. Matarsa ta rasu tun yana gida, bai sake aure ba, Allah kuma bai ba shi haihuwa ba. Dogo ne siriri, hularsa kullum a ture gefe, ba ya tafiya da sauri ko da jirgin ƙasa yana shirin rufe ƙofa. “Wani na zuwa,” haka yake cewa. Ƙaramin ɗakin gidanmu shi ne nasa.

Aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu. A nan ya haɗu da wani tsohon Bature da ke can saman Bronx, mutumin ƙasar Ayalan, wanda a ƙuruciyarsa makanikin jiragen sojan saman ƙasarsu ne. Kawu ba ya kiransa da komai sai “Dattijo”. Ya ce ranar farko ya yi kuskure ya tambaye shi labarin Ingila, tsohon ya juya fuska bango, ranar ko shayi bai karɓa daga hannunsa ba. Tun daga nan Kawu ya ɗauki gyaran wannan kuskure a matsayin aikinsa. Ko a masallaci wani ya ce “ai duk Ingila ce”, sai ya ɗaga yatsa: “A'a. Maƙwabta ne, kuma kada ka faɗi haka a gabansu.”

Dattijo yana haɗa ƙananan jirage na roba, kwaikwayon waɗanda ya taɓa gyarawa. Da hannunsa ya fara rawa, gam yana zuba inda bai ce ba, sai ya dubi Kawu ya ce ya ara masa hannu. Shi yana faɗa, Kawu yana yi. Shekara tara suna haka. Kawu yakan ce, “Na je wanke masa jiki, na dawo da sana'ar da ba ta ciyar da kowa.” Da tsohon ya mutu, 'yarsa ta zo da kanta a mota, da kwalaye cike da jirage a naɗe da auduga, ta ce mahaifinta ya bar wasiyya na Kawu ne. Ta yi kuka a falonmu, na ba ta ruwa da cincin.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin yana zuwa ne a kwali, gutsi-gutsi, wani ɓangaren bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai an yanke da reza, an goge da sanfefa, an ɗauka da hantsaki, an ɗiga gam da tsinken sakace. Bayan nan fenti, a jira ya bushe, a sake wani. Kawu ya ce in ka jera saba'in da biyu irinsa, hancin wannan a wutsiyar wancan, ka sami tsawon na gaske. Na ce, “Kawu, wa ya jera ya gani?” Ya ce, “Ke dai kawo mini ruwan ɗumi.”

Ruwan ɗumin nan na tambari ne. Wai ƙasar ƙarama ce, masu yin kwalayen ba su cika damuwa da ita ba, sai ka sayi jirgi da tambarin wata ƙasa, sannan ka aika a kawo maka na Ayalan daban a ambulan. Wani ɗan da'ira ne, kore da fari da ruwan lemo sun murɗe da juna. A jiƙa takardar a ruwa, tambarin ya saɓule, a tura shi kan fiffike da bakin buroshi, ana riƙe numfashi. Ranar da ambulan ɗin nan ya iso, Kawu har wanka yake sakewa.

Ni ban iya sunayensu ba, nawa na raɗa musu. Akwai Mai Bene, wanda fukafukansa biyu ne sama da ƙasa. Akwai Mai Yatsu, wanda wutsiyarsa ta rabu biyu kamar an ɗaga yatsu. Akwai Fara, wani mai saukar ungulu da kansa duk gilashi ne, shi ne na ƙarshe da Dattijo ya haɗa da hannunsa, fentin ma a karkace yake. Kawu ya ji sunayen ya yi dariya har da tari, daga baya shi ma ya koma kiransu haka. Da na Dattijo da waɗanda ya ƙara, sun kai arba'in da ɗaya. Ya hana ni share su. Shi yake bi da buroshin kwalliya da ya roƙa a wurina, ranar Lahadi bayan azahar.

Wani malami ya taɓa zuwa gaishe shi, ya ga kantocin, ya gyara murya ya ce anya wannan ba ya cikin surar da aka hana ajiyewa a ɗaki? Kawu ya ce, “Malam, duba da kyau, wanne ne a cikinsu yake numfashi?” Malam ya ce to ai kayan yaƙi ne. Kawu ya ɗauko Fara ya ɗora a tafin hannu ya ce, “Dattijo ya ce wannan aikinsa tsamo masunta daga teku da kai masu ciwo asibiti. In haka yaƙi yake, Allah ya ba mu irinsa.” Malam ya ɗauki shayinsa ya ci gaba da sha.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi. Ina da wani farantin tangaran mai bakin zinariya, cikin kayan ɗakin da mahaifiyata ta yi mini, shi kaɗai na iya tahowa da shi a cikin zannuwana. Ban taɓa cin abinci a ciki ba. Wata rana na shiga kai masa kunu na tarar da shi a kan teburinsa, da ruwa a ciki, tambari yana iyo, gefensa ga ɗigon koren fenti. Sai kawai na ji na ce, “Haba Kawu! Duk robobin gidan nan ba su ishe ku ba? Girma ya zo, ana wasan yara!” Maganar ta fita kafin in kamo ta. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya zubar da ruwan, ya goge fentin da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Kwana biyu muna gaisawa a tsaitsaye. Maigidana ya ce in je in ba da haƙuri, Kawu ya ji mu ta bango ya ɗaga murya: “Ƙyale ta. Fenti ne, a bar shi ya bushe, in ka taɓa yanzu sai ya ɓaci.” Haka yake cewa a kan komai, fushi ne, zazzaɓi ne, rigimar 'yan ƙungiyar garinmu ce. Rana ta uku na wanke farantin na kai masa da kaina na ajiye a teburin. Ya ce, “Ai shi kaɗai ne fari tas, shi ya sa nake ganin tambarin a ciki. Da na tambaya.” Na ce, “Da ni ma na tauna maganata.” Shi ke nan.

Alherinsa gare ni ba irin wanda ake nunawa a hannu ba ne. Ni mace ce ta cikin gida. Karatuna bai yi nisa ba, Turancina na gaisuwa ne da cefane, garin nan kuma tsoro yake ba ni. Maigidana yana fita tun safe, yara suna makaranta, in sun dawo ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Shekarata ta farko har da tukunya nake hira. Da Kawu ya bar aiki, sai ya ce in riƙa kawo tsintar shinkafata ko yankan kuɓewata bakin ƙofarsa. In zauna a kan tabarma, shi yana kan tebur ya ba ni baya, ina zuba. Labarin unguwarmu a Zariya, wadda ta haihu, wadda ta yi yaji, yadda matar bene na huɗu take tafiya, yadda mai kula da gininmu yake cewa “tumoro, tumoro”. Ina kwaikwayon muryar kowa, don kunnena ba ya mantuwa. In na yi shiru don kunya sai ya ce, “Ci gaba, 'yata. Hannuna ya fi tsayawa in kina magana.” Ban sani ba ko gaskiya ne. Na dai san duk faɗin New York mutum ɗaya ne ya taɓa ce mini in ci gaba.

Ƙarshen sanyin da ya wuce ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun aikin ke nan. Ya yi sati biyu a asibiti, aka wuce da shi gidan gashin ƙashi na wata guda. Wata nas ta zo duba gidan kafin a sallamo shi, ta ce za a kawo gadon asibiti da keke, sai an rage kaya a ɗakin. Teburin ta nuna da kwalaye. Ba ta nuna kantocin bango ba. Wannan ina so ka riƙe, don na daɗe ina gaya wa kaina cewa ita ta ce.

A lokacin kuwa ina haɗa duro. Duk wanda ke nan ya san shi, shuɗin nan na roba da ake cikawa a aika gida ta ruwa. Wata shida ina tarawa: shinkafa, mai, sabulu, man shafawa, takalma, tawul, gwangwanayen madara, don ya isa gidan surukata kafin ƙaramar salla. Duro yana da dokokinsa. Ba ya tafiya da sarari a ciki, kuma ba a buɗe shi a tsakar gida a bar wani yaro hannu wayam. Da rashin lafiyar Kawu na manta da kayan yara sam, ga jikokin Inna, surukar tawa, sun fi goma, ga mai ɗaukar duro zai zo da la'asar.

Maƙwabciyata 'yar Kumasi, wadda ta fi kowa iya danna duro, ta leƙa ta ce, “Ei, 'yar'uwa, wannan bai cika ba kuraa. Iska za ki aika ma surukarki?” Ta waiga ta hango ɗakin Kawu a buɗe. “Ga toyis nan paa, tsoho ba zai iya wasa da shi kuma ba.”

Ba laifinta ba ne, ba ta san komai a kansu ba. Ni na sani. Na tsaya a bakin ƙofar na ce wa raina, in ya dawo ya gan su ga hannu a mace, baƙin ciki zai ƙara masa ciwo. Dabarar da na yi wa kaina ke nan. Abin da ke ƙasan zuciyata kuwa, na hango Inna tana rabawa, ana cewa matar ɗanta ta Amurka ba ta manta da kowa ba. Na kwaso su. Na naɗe wasu a tawul, wasu na cusa tsakanin takalma. Arba'in da ɗaya, har da Fara. Murfi ya ƙi zama, maƙwabciyata ta hau kai ta zauna da dukan nauyinta. Ita ba ta ji komai ba, tana ta dariya. Ni na ji. Ƙas, ƙas, ƙas, can ƙasa-ƙasa, kamar ana taka busasshiyar taliya. A lokacin ma da na ce a buɗe, da an ceci wasu. Na miƙa mata igiyar ɗauri.

Da maigidana ya dawo ya ga bango, na ce na sauke su sito, can ƙasan gini, saboda nas ta ce ƙura. Ya ce madalla, ya wuce ya ci tuwonsa. Ƙaryar ta zo mini da sauƙi har na ji tsoro.

Ranar da aka dawo da Kawu, aka tura kekensa cikin ɗakin, idonsa bai sauka kan sabon gadon ba. Bakinsa ya karkace, maganarsa tana fita a hankali, kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu.

“'Yata. Ina mutanena?”

“Suna sito, Kawu. Na naɗe su da kyau. In kun ji sauƙi za a hawo da su.”

“Duka?”

“Duka.”

Ya gyaɗa kai. Bayan kwana uku ya ce a kawo masa Fara kaɗai, ya ajiye a gefen gado. Na ce makullin yana wurin mai kula da gini. Bayan sati ya sake tambaya, na ce mutumin ya yi tafiya. Da ya dawo daga tafiyar da bai yi ba, na ce an yi feshin maganin ƙwari a siton, an hana shiga. Ina ba shi kunu a cokali ina ƙirƙiro wata. Sau nawa na ɗauki waya in kira Inna in ce in duro ya iso a ware mini wasu kaya, in ajiye. Ta yaya matar ɗa za ta aika wa uwar miji kyauta, ta biyo ta da “a dawo mini da ita”? Kuma in ta ce don me, in ce mata me?

Cikin azumi abin ya ishe ni. Wata rana da safe na bar shi da nas, na sa hijabi na hau jirgin ƙasa lamba shida ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba, ina ƙirga tashoshi da yatsu har Canal Street, don na ji ana cewa babu abin da ba a samu a can. Na bi rumfuna ina cewa “eroplen, eroplen”. Wani ɗan Senegal mai sayar da jakunkuna ya ji tausayina ya raka ni wani shago. Aka ɗauko mini wani mai saukar ungulu na ƙarfe, ja wur, da batir a ciki, in ka danna sai ya yi ta walƙiya yana kuka. Na saya. A hanyar dawowa na buɗe ledar na dube shi, sai kunya ta rufe ni a gaban mutanen da ba su san ni ba. Mutumin da yake riƙe numfashi don ɗan tambari, shi zan kai wa wannan?

Da na shigo na tarar da shi an zaunar da shi a keke, yana fuskantar taga, wayarsa a kan cinya. Ya dubi ledar da nake ɓoyewa a cikin hijabi.

“Kin samo abin da kika je nema?”

“A'a, Kawu.”

“Ba komai. Zauna ki huta, kina azumi.”

Daga ranar bai ƙara cewa a kawo masa ko ɗaya ba. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini, na ce ciwo ya sa ya manta. Sai dai jefi-jefi, in ina shafa masa mai a hannun, yakan ce, “Mutanena suna lafiya?” In ce, “Lafiya lau, Kawu.” Ya ce, “Madalla.” Wata rana kuma ya ce, “'Yata, kwanan nan ba kya ba ni labari. Babu abin da kike so ki gaya mini?” Na ce kaina ne ke ciwo. Ya ce in sha magani.

Bayan babbar salla numfashinsa ya fara sarƙewa. Da safen da za a mayar da shi asibiti, kafin masu motar asibitin su hawo, ya ce a tara masa mu. Ya dubi maigidana, ya dubi yara, ya ce, “Zama da mutum sai da saɓani. Ku yafe mini.” Ni na ce, “Ba ku yi mana komai ba, Kawu. Mu ma ku yafe mana.” Ka ji yadda na yi? Na shige cikin “mu” na ɓuya. Ya tsayar da idonsa a kaina, ya ɗan jira, kamar mai jiran a ƙarasa magana. Ƙofar faɗin gaskiya ya buɗe mini, bakina ma ya motsa. Sai aka danna ƙararrawa, na tashi da sauri na je buɗewa, har ina gode wa Allah a raina. Kwana huɗu ya yi a can, bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an yi bakwai, baƙi sun ɗauke ƙafa, Inna ta kira ni daga Zariya. Muka yi kuka, muka yi wa juna gaisuwa. Sai ta ce, “Ni abin da ke tsaya mini a rai, 'yar nan, ranar nan da na kira shi cikin azumi, da duro ya iso.”

Na ce, “Kun kira shi, Inna?”

“A bidiyo ma. Na neme ki, ya ce kin fita kasuwa. Na ce Yaya ga abin arziki mun gani, na juya masa wayar ya ga yara suna ta gudu da jirage a tsakar gida. Yawanci sun kakkarye a hanya, amma yara ina ruwansu. Sai ya yi shiru. Ya daɗe, har na ɗauka layin ne ya yanke, ina ta halo, halo. Can ya ce, ni na ce a aiko musu, a bar su su yi wasa. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya iso da fukafukansa duka. Na duba na ce guda uku. Ya ce alhamdulillahi.”

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na zauna a ƙasan kicin na fara lissafi. Daga tsakiyar azumi zuwa bayan layya. Kusan wata uku yana kallon bakina ina cewa lafiya lau, yana cewa madalla.

Da maigidana ya dawo da yamma ya ga idona, ya ɗauka kewa ce. Ya zauna kusa da ni ya ce, “Ai Kawu ya gaya mini sirrinku.” Na ɗago kai na dube shi. Ya ce, “Tun cikin azumi. Ya ce shi ya sa ki ki zuba jiragen a duro, ranar da kika je duba shi a asibiti. Ya ce shi ya ce ki gaya mini suna sito, don ya san zan hana. Ya ce kada in kuskura in tayar miki da maganar, amana ya ba ki kin riƙe.” Ya girgiza kai yana murmushi, hawaye na zuba. “Shekara da shekaru yana haɗa su, ya kwashe ya ba yara. Ke kuma ko a fuska. Wallahi na ƙara ganin girmanki.”

Yanzu labarin ya zaga. A masallaci an faɗe shi, a wurin direbobi an faɗe shi, har liman ya kawo shi misali a kan sakin abin duniya kafin ta sake ka. Kuma ba ƙarya suka yi wa Kawu ba, ya saki ɗin. Sai dai ba a ranar da suke zato ba, ba kuma da son ransa aka fara ba. A gaban waya ya sake su, shi kaɗai a ɗaki, da hannu ɗaya, yana kallon aikin shekarunsa a cikin ƙasa. A cikin shirun nan da Inna ta ɗauka yankewar layi ce ya gama shawara, ya zaɓi ya rufa mini asiri a wurin uwar mijina da mijina. Ni ce ya bar wa ƙofa, sau uku ko huɗu, in zo da ƙafata in faɗa, ban zo ba.

Wannan ne mutumin da muka rasa. In ka yi salla ka sa shi a addu'a, Allah ya rufa masa asiri fiye da yadda ya rufa mini.

Takardar nan ban nuna wa maigidana ba tukuna. In na ba shi ya karanta, na tone abin da Kawu ya binne da hannunsa, na mayar da maganar da ya gaya wa ɗan ƙanwarsa ƙarya. In na ninke ta na sa a ƙasan akwati, zan ci gaba da zama da mutumin da yake girmama ni a kan amanar da ban riƙe ba, har ranar da ni ma za a tara mini yara in nemi yafiya. Kai da ka zauna ka saurare ni har nan, don Allah gaya mini gaskiya: in kai ne, miƙa masa za ka yi, ko ninkewa?